Zaren da ke riƙe da tanti: daga audugar Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari

Ba kasafai tanti ko rumfar tanfol ke yagewa ta tsakiyar yadi ba. Ta wajen ɗinki take fara buɗewa, galibi a daren da ruwan Agusta ya zo da iska. Mutum zai sayi yadi mai tsada, ya ɓata kwanaki yana yanka yana haɗawa, sannan ya ɗinke shi da zaren da aka yi don kaftani. Wannan kuskure yana da ban mamaki a Zariya musamman, garin da ya yi fiye da shekara ɗari yana nazarin silin auduga.

Kafin zuwan Turawa, zare aikin mata ne a cikin gida. Su gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari, kuma kowane aiki da nasa zaren: abawa mai kauri daban, siriri na saƙa daban, tsamiya kuma ta masu aikin babbar riga ce, sana'ar da birnin Zazzau ya yi suna a kanta har yau. Baduku kuwa yakan goga wa zarensa kaki don kada ruwa ya ci shi.

A 1902 masu masaƙu na Ingila suka kafa ƙungiyar British Cotton Growing Association domin rage dogaro da audugar Amurka, suka kuma ɗora rai a kan Arewacin Nijeriya. Layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga Kudu, aka kafa injin gurza a garin. Matsalarsu ita ce audugar gida gajeren sili gare ta, injunan Lancashire kuwa mai tsawo suke so, domin gwargwadon tsawon sili gwargwadon yadda yake kama ɗan'uwansa idan aka murɗa. Saboda haka a 1912 aka shigo da irin Amurka mai suna Allen, a 1922 kuma aka buɗe tashar binciken noma a Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga nan ire-iren da manoma suka sani suka fito, tun daga Samaru 26J har zuwa jerin SAMCOT.

Sai dai wannan auduga ta tafi ne ga saƙar yadi, a Ingila da farko, daga baya a masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957. Zaren keken ɗinki yana bukatar sili mafi tsawo da santsi, irin na audugar Masar, kuma kamfanonin Coats da Clark na garin Paisley a Sikotilan ne suka mallake kasuwarsa a duniya. Tela a Sabon Gari yana iya jiyo ƙarar injin gurza daga shagonsa, amma zaren da ke kan kekensa ya ƙetaro teku.

A wancan zamani tanfol na auduga ne, shi ake lulluɓa wa dalar gyada a Kano da kayan manyan motoci, kuma zaren auduga ya dace da shi saboda wani hali da mutane da yawa suka manta. Idan auduga ta jiƙe kumbura take yi, har ƙarfinta ya ɗan ƙaru. Zaren da ya kumbura sai ya toshe ramin da allura ta huda, ɗinki ya daina yoyo da kansa. Illarsa ita ce ruɓewa: a naɗe tanfol da danshi a ajiye, fumfuna ta cinye zaren kafin damina ta zagayo.

Zaren roba ya zo da nasa lissafin. An ƙirƙiro nailan a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, foliyesta kuma a Ingila a 1941. Dukansu ba sa ruɓewa, amma ba ɗaya suke ba, ko da yake a kasuwa sau da yawa suna ɗaya ake kiransu. Nailan yana da ƙarfi, yana miƙewa ya dawo, yana jure guga, shi ya sa ya dace da jakar goyo da maɗauri da takalmi. Amma yana shan ruwa ya saki, kuma hasken rana yana cinye shi a hankali. A Zariya, inda rani ya fi damina tsawo, wannan babban aibi ne ga abin da zai yini a fili. Foliyesta bai cika miƙewa ba, kusan ba ya shan ruwa, ya kuma fi jure rana nesa ba kusa ba. Ga tanti da rumfa da laima, shi ne zaɓin da ya fi hankali. Idan yadin na auduga ne, akwai zaren da cikinsa foliyesta ne aka naɗe bayansa da auduga: cikin ya riƙe nauyi, bayan ya kumbura ya toshe rami.

Kauri kuma wani tarko ne, domin ana ɗauka mafi kauri shi ne mafi kyau. Ana auna zare da teks, wato nauyin mita 1,000 a giram. Zaren tufafi yana wajen teks 30. Teks 70 da allura mai lamba 18 shi ne kusan iyakar abin da keken gida irin Singer ko Butterfly zai ja ba tare da cukurkuɗewa ba. Zare mai kauri a kan siririn yadin nailan yana bukatar babbar allura, ramuka su yi faɗi, ruwa ya samu hanya. Kuma idan zare ya fi yadi ƙarfi, ranar da iska ta fizga yadin ne zai tsage a bin layin ɗinki, alhali zaren da ya tsinke ana iya maimaita shi cikin minti goma.

Yawancin zaren da ke kan tebura a kasuwar Sabon Gari yau daga Asiya yake zuwa, wani ma babu rubutun da ya faɗi da me aka yi shi. Tsofaffin teloli suna da gwajinsu: a yanki ɗan guntu a kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da wuta ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda. Zaren roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri a baki, foliyesta da baƙin hayaƙi, nailan kuwa da ɗan hayaƙi fari.