Bayani kan gasar tanis ta US Open

Gasar US Open ita ce ta ƙarshe a jerin manyan gasannin tanis huɗu na duniya da ake kira Grand Slam, bayan ta Ostireliya da ta Faransa da ta Wimbledon a Ingila.

Ana fara ta ne a ƙarshen watan Agusta a birnin New York na Amurka, a shafe mako biyu ana fafatawa. Maza 128 da mata 128 ne ke shiga rukunin 'yan ɗaiɗai, kuma sai ɗan wasa ya yi nasara sau bakwai a jere kafin ya ɗauki kofi.

Asalin gasar

An fara gasar a shekarar 1881 a garin Newport na jihar Rhode Island, ta maza kaɗai. Mata sun sami tasu a shekarar 1887 a Philadelphia.

Shekara da shekaru ba a yarda waɗanda suka ɗauki tanis a matsayin sana'a su shiga ba, sai a 1968 aka buɗe ƙofa ga kowa.

Filin wasa

A kan ciyawa aka riƙa yin gasar har zuwa 1974, sannan aka koma filin yumɓu na shekaru uku. A 1978 aka mayar da ita Flushing Meadows a unguwar Queens, inda ake wasa a kan fili mai daɓe.

Ana shimfiɗa kwalta ko kankare ne, a bi shi da fenti mai kauri wanda aka cuɗa da yashi. Idan yashin ya yi yawa, ƙwallo kan rage gudu ta kuma tashi sama. Idan ya yi kaɗan, sai ta wuce da sauri.

Ƙwallo ba ta cika kauce wa hanya a irin wannan fili ba, kamar yadda takan yi a kan ciyawa. Sai dai taurinsa kan gajiyar da gwiwa da idon sawu, musamman ga maza, waɗanda wasansu kan wuce sa'o'i huɗu.

Jimmy Connors ne kaɗai ya lashe gasar a kan filayen uku: ciyawa a 1974, yumɓu a 1976, daɓe a 1978.

Batun kuɗi

A shekarar 1972, Billie Jean King ta lashe gasar mata, amma ladan da ta samu bai kai rabin na zakaran maza ba. Ta yi barazanar ƙaurace wa gasar, kuma a 1973 US Open ta zama ta farko a cikin manyan gasannin huɗu da ta daidaita ladan maza da mata, inda kowane zakara ya karɓi dala dubu 25.

Wimbledon ba ta bi sahu ba sai a 2007.

A 2025, Carlos Alcaraz na Sifaniya da Aryna Sabalenka 'yar Belarus sun karɓi dala miliyan biyar-biyar.

Baƙar fata a gasar

Sai a 1950 aka ƙyale baƙar fata ta farko, Althea Gibson, ta shiga gasar. Ta lashe ta a 1957 da 1958.

Arthur Ashe ya ɗauki kofin maza a 1968, kuma sunansa aka sa wa babban filin da aka buɗe a 1997, mai ɗaukar 'yan kallo fiye da dubu 23.

Serena Williams ta lashe gasar sau shida tsakanin 1999 da 2014, adadin da Chris Evert ta taɓa kaiwa. A ɓangaren maza kuwa, Roger Federer ya ɗauki kofin sau biyar a jere daga 2004 zuwa 2008.

Daga Afirka, Kevin Anderson na Afirka ta Kudu ya kai wasan ƙarshe a 2017, haka ma Ons Jabeur ta Tunisiya a 2022, amma dukkansu sun sha kaye.