Darak: Ƙauyukan da Suka Bi Ruwa

A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma tafki ne marar zurfi, wanda Kogin Shari ke kawo masa mafi yawan ruwansa daga kudu. Da fari ya tsananta a shekarun 1970 da 1980, sai gaɓa ta yi ta ja da baya. Masunta daga Nijeriya suka bi ruwan, suka kafa ƙauyuka irin su Darak, hukuma kuma ta biyo sawunsu da 'yan sanda da haraji. Sai dai iyakar da Ingila da Faransa suka tabbatar a 1931 tana nan inda take. A 2002 Kotun Duniya ta ce yankin na Kamaru ne, a Disambar 2003 Nijeriya ta janye.