Tarihin Tiyata da Jagorancin Hoton Maganaɗisu

Wannan fanni ne na ilmin ɗibbu inda ake ɗaukar hoton cikin jikin majiyyaci da na'urar MRI, wadda likitocin Damagaram da sauran Nijar suka fi sani da IRM, ana tsakiyar yi masa aiki, domin likita ya ga abin da ya cire da abin da ya saura tun bai ɗinke ba.

Asalin na'urar daga binciken Paul Lauterbur na Amurka ne, wanda ya bayyana hikimarta a 1973, da na Peter Mansfield na Ingila, amma shekara da shekaru sai kafin aiki ake ɗaukar hoton. Illar haka kuwa ta fi bayyana a ƙwaƙwalwa, domin da zarar an buɗe ƙoƙon kai, ruwan da take kwance a ciki ya tsiyaye, aka soma ɗebe ƙari, sai ta gusa daga muhallinta, hoton jiya ya zama tamkar kwatancen madugun da ya san hanyar Agadas bara, alhali bana rairayi ya sake mazauni.

Ferenc Jolesz, haifaffen Hungari, malami a asibitin Brigham and Women's da ke Boston, shi ya himmatu ga warware wannan mushkila, har kamfanin General Electric ya ƙera masa maganaɗisu mai zobba biyu da ratar santimita 56 a tsakani, inda likita zai tsaya ya yi aiki hoto na fitowa a gabansa. A nan likita Peter Black ya cire ƙarin ƙwaƙwalwa a 1996. Da yake maganaɗisun yana fizgar duk wani baƙin ƙarfe, tilas aka sake ƙera almakashi da hantsaki da sauran kayan aiki da ma'adinan da ba ya ja, irin su titaniyam. Lalle hikima ce babba, sai dai wurin ya yi ƙunci, tsadar kuma ta kai intaha.

Saboda haka wasu suka sake shawara. A Heidelberg da Erlangen na Jamus majiyyacin ake turawa zuwa ga na'ura, a Calgary ta Kanada kuwa Garnette Sutherland ya rataye maganaɗisun a rufin ɗaki, a jawo shi sa'ad da ake bukata, a mayar. Hujjar amfanin ɗaukar hoto ana aiki ba ta tabbata sosai ba sai 2011, lokacin da likitocin Frankfurt suka gwada tiyata da hoto ana aiki da kuma tiyatar da aka saba a kan masu ƙarin ƙwaƙwalwa, suka tarar an kawar da ƙarin da hoto ke nunawa ɗungurungum ga kashi 96 cikin ɗari na waɗanda aka duba ana aiki, ga sauran kuwa kashi 68.