Sana'ar Kai Abinci a Guangzhou: Yadda Take, Wanda Zai Iya Yi, da Abin da Doka Ta Ce

Cikin samarinmu masu shirin tafiya ƙasar Sin, ko karatu ko fatauci, da yawa suna tambaya ɗaya: idan mutum ya isa Guangzhou, zai iya riƙa kai abinci a gefe don ya samu na kashewa? Amsar tana buƙatar bayani, domin sana'a biyu ce ake kira da suna ɗaya. Akwai kai abinci ta manhajar waya, wadda miliyoyin 'yan ƙasar suke yi. Akwai kuma kai tuwo da shinkafa daga kicin ɗin 'yan Afirka zuwa shaguna da otal-otal. Ta farko a rufe take ga baƙo. Ta biyu kuma ana yin ta, amma doka ba ta yarda mai bizar kasuwanci ko ta yawon buɗe ido ya yi ta ba.

Garin da mutanenmu a cikinsa

Guangzhou, wanda fatakenmu suke kira Gwanzu, shi ne babban birnin lardin Guangdong a kudancin Sin. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa sun haura miliyan 18. A nan ake baje kolin Canton tun 1957, sau biyu a shekara, a watannin Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba. Agogonsu yana gaba da na Gana da awa 8, na Najeriya da Nijar kuma da awa 7.

Tun ƙarshen shekarun 1990 'yan Afirka suka fara taruwa a unguwanni biyu. Xiaobei, inda benen Tianxiu yake, ita ce ta fi yawan Musulmi daga Mali, Gini, Senegal, Nijar da Gana. Sanyuanli kuma, wajen kasuwar tufafi ta Canaan, 'yan Najeriya sun fi yawa. Wani farfesa ɗan Gana, Adams Bodomo, ya wallafa littafi a kan 'yan Afirka mazauna Sin a 2012. Hukumomin birnin sun ce 'yan Afirka 13,652 ne suke zaune a garin a Disambar 2019, zuwa Afrilun 2020 kuma, lokacin korona, sun ragu zuwa 4,553. A wannan watan ne aka fitar da baƙaƙen fata da yawa daga gidajen haya da otal, har ministar harkokin wajen Gana ta lokacin, Shirley Ayorkor Botchwey, ta kira jakadan Sin domin ya yi bayani.

Kai abinci ta manhaja

Sinawa suna kiran abincin da ake aikowa gida waimai. Kamfanoni biyu ne suka daɗe suna riƙe da kasuwar. Meituan, wanda Wang Xing ya kafa a 2010, ya fara kai abinci a 2013, kuma ana gane mahayansa da riga rawaya. Ele.me, wanda ma'anar sunansa ita ce "kana jin yunwa?", ɗalibai ne suka fara shi a Shanghai a 2008, Alibaba ya saye shi a 2018, kuma a da an san mahayansa da shuɗiyar riga. A farkon 2025 kamfanin JD ya shigo da jajayen riguna, gasa ta ƙara zafi.

Mahayan kashi biyu ne. Akwai zhuansong, waɗanda suke ƙarƙashin tasha, da shugaba, da lokacin shiga da na tashi, kuma manhaja ce take ɗora musu oda. Akwai zhongbao, 'yan sa-kai, waɗanda suke buɗe manhaja lokacin da suka ga dama. Kashi na biyun nan shi ne ainihin aikin gefe: ma'aikacin masana'anta bayan ya tashi, mai shago da kasuwa ta yi wa sanyi, ko wanda ya rasa aiki yana jiran wani. Alƙaluman Meituan na 2023 sun nuna mutum miliyan 7.45 ne suka samu kuɗi ta hanyar kai oda a shekarar, kuma kusan rabinsu ba su cika kwana 30 suna aikin ba.

Kuɗi da wahala

Ana biya ne a kan kowace oda, kuma galibi kuɗin bai kai yuan 10 ba. A 'yan shekarun nan dala ɗaya tana kai wajen yuan 7. Nisa, nauyin kaya, ruwan sama da tsakar dare suna ƙara ɗan wani abu. Makara da ƙorafin mai saye kuma suna rage maki, wani lokaci har da kuɗi. Saboda haka mai son ya tashi da abin kirki sai ya kai oda masu ɗimbin yawa a yini, mafi yawa a lokacin abincin rana da na dare. Keke, hayar batir, gyara da katin waya duk daga aljihunsa suke fita.

Tun 2007 aka hana babur mai fetur a tsakiyar Gwanzu, don haka keken lantarki ake hawa. Ƙa'idar ƙasa ta 2019 ta iyakance gudunsa a kilomita 25 cikin awa, kuma tun 2021 birnin ya fara yi wa kekunan rajista da lamba. Garin yana da zafi da gumi, damina tana ɗaukar watanni daga Afrilu zuwa Satumba, ga guguwar teku. Tsofaffin unguwanni kuma lunguna ne matsattsu da benaye marasa lif, sai a hau da ƙafa.

A Satumbar 2020 mujallar Renwu ta fitar da wani dogon rahoto da ya girgiza ƙasar. Rahoton ya kawo shaidar cewa lokacin da ake ba mahayi don tafiyar kilomita 3 ya sauko daga awa ɗaya a 2016 zuwa minti 45 a 2017, sannan minti 38 a 2018. Wannan ne yake sa mahaya keta jar danja da bin hannun da ba nasu ba, haɗari kuma ya yawaita. A Yulin 2021 hukumomin gwamnati bakwai suka fitar da umarnin a sassauta lokaci, kuma kada abin da mahayi yake samu ya gaza mafi ƙarancin albashi. Daga ƙarshen 2024 Meituan ya fara tunatar da mahayi ya huta idan ya yi awa 8, ya kuma rufe masa manhaja idan ya kai awa 12. Kamfani ba ya kafa irin wannan doka sai in akwai masu wuce awa 12 ɗin.

Baƙo zai iya yin rajista?

Rajistar mahayi tana neman katin ɗan ƙasar Sin, da ɗaukar hoton fuska, da asusun banki mai sunan mutum, da takardar lafiya ta masu taɓa abinci. Fasfon Gana ko na Nijar ba ya maye gurbin katin. Aron asusun wani kuma ba ya ɗorewa, domin manhajar tana neman a sake nuna fuska a tsakiyar aiki. Ko da an tsallake wannan, akwai harshe: adireshi da rubutun Sinanci yake, mai saye zai kira ya yi kwatance, mai gadi a bakin ƙofa zai yi tambaya. Izinin aiki da ake ba baƙi kuma na masu ƙwarewa ne da kamfani ya nema, galibi masu digiri da shekara biyu ta gogewa. Ba a bayar da shi don aikin ƙarfi. Duk ejan ɗin da ya ce zai sama wa yaro aikin kai abinci a Meituan, kuɗin iyayen yaron kawai yake so.

Kicin ɗin 'yan Afirka

Falke da ya zo sati biyu ko uku yana yini a kasuwa, yana ciniki, yana bin kaya zuwa wurin masu kago. Ba shi da lokacin girki, ɗakin otal ba shi da murhu, cikinsa bai saba da abincin garin ba, ga kuma tsoron naman alade. Daga nan sana'ar ta samo asali. Mata da maza 'yan Afirka suna girki a gidajen haya: jalof, shinkafa da miyar gyaɗa, kuɓewa, agushi, tuwon semo, soyayyen kifi. Wasu kayan miyar, kamar busasshen kifi da daddawa da manja, a jakunkunan matafiya suke zuwa.

Oda tana shigowa ta WeChat ko kiran waya. Ana zuba abinci a robobi, ɗan aike ya ɗauka a jaka ya zagaya shaguna da ofisoshin kago da otal-otal, ya karɓo kuɗi ko a turo ta waya. Wani ana ba shi lada a kan kowace roba, wani kuma abinci da wurin kwana ne ladansa. Kasuwar tana tashi lokacin baje kolin Canton, da watan azumi saboda buɗa-baki da sahur, tana kuma mutuwa lokacin sabuwar shekarar Sinawa, a Janairu ko Fabrairu, sa'ad da masana'antu suke rufewa.

Yawancin waɗannan kicin ɗin ba su da lasisin sayar da abinci, shi ya sa ba su da allo a ƙofa. Ɗan aike shi ne ya fi kowa shiga haɗari, domin mai girki tana cikin ɗaki, shi kuwa yana kan titi da jakar abinci, a unguwar da 'yan sanda suka saba tambayar fasfo. Idan ya faɗi ya karye babu inshora. Idan an hana shi ladansa babu inda zai kai ƙara. Akwai gidajen abincin Afirka masu rajista, wasu da sunan matan aure 'yan ƙasar, amma su ma ba za su iya ɗaukar baƙo marar izinin aiki ba.

Abin da doka ta ce

Dokar shige da fice ta Sin ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2013. Ga abin da ya shafe mu a cikinta:

Baƙo ba zai yi aiki ba sai da takardar izinin aiki da izinin zama na ma'aikaci. Bizar Z ce take kai wa ga wannan. Bizar M ta kasuwanci ce, L ta yawon buɗe ido, X ta karatu.

Wanda aka kama yana aiki ba da izini ba, tararsa daga yuan 5,000 zuwa 20,000 ce. Idan laifin ya yi girma, a haɗa masa da tsarewar kwana 5 zuwa 15. Wanda ya ɗauke shi aiki zai biya yuan 10,000 a kan kowane mutum, har zuwa 100,000.

Wanda bizarsa ta ƙare bai fita ba, ana iya cin sa yuan 500 a kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi. Wanda aka tasa ƙeyarsa ana iya hana shi dawowa daga shekara 1 zuwa 5, wanda aka kora kuma shekara 10.

Wanda ya sauka a gidan wani, ba otal ba, dole ya yi rajista a ofishin 'yan sanda na unguwa cikin awa 24.

Ɗalibi yana da ƙofa ƙarama: sai makaranta ta amince, hukumar shige da fice kuma ta rubuta wuri da lokacin aikin a izinin zamansa. In babu wannan rubutun, ko awa ɗaya ya yi laifi ne, kuma karatun da tallafin duk suna iya tafiya. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Auren 'yar ƙasa ma ba ya ba da izinin aiki kai tsaye. Wanda ya shiga matsala ya nemi ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa. Gana da Najeriya duk suna da shi a Gwanzu.

Ga mai saye

Yin oda kam babu laifi ga kowa. Tun 2023 Alipay da WeChat suna karɓar katin banki na waje. Kalmar halal a Sinanci ita ce qingzhen, ana rubuta ta 清真, kuma ana iya nemanta a manhaja. Shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin Hui da gidajen gashin 'yan Xinjiang suna da yawa a Xiaobei. Masallacin Huaisheng yana cikin mafi tsufa a ƙasar. Masallacin Xianxian, kusa da tashar jirgin ƙasa, shi ne ya fi cika ranar Juma'a, kuma akwai kabari a wurin da mutanen garin suke jingina wa Sahabi Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihi sun tafi a kan cewa a Madina aka binne shi.

Kafin a sayar da fili

Iyaye, kafin ku ba da kuɗin tafiya ku yi wa ejan tambaya huɗu. Wane harafi ne a jikin bizar? Kwana nawa ta bayar? Wane kamfani ne ya nemi izinin aikin, kuma ina takardar? Wa zai biya tikitin dawowa? Mai gaskiya zai amsa a gaban Sarkin Zango ko liman ba tare da kame-kame ba.

Samari kuma, abin da ya sa sana'ar take ci a Gwanzu yana nan a gida: mutane masu yunwa da ba su da lokacin barin wurin aiki. Masu shago a Kantamanto da Kejetia, makanikai a Suame, ma'aikatan ofis a Ankara, duk suna son wake da shinkafar Nima, tuwon zafi, koko da ƙosai. Glovo ya bar Gana a Mayun 2024, amma masu saye ba su tafi ko'ina ba. Mutum uku ko huɗu za su iya haɗa adashi su sayi babur, su daidaita da Hajiya mai girki a kan farashin kowace roba, su karɓi oda ta WhatsApp da kuɗi ta Momo. A nemi lasisin tuƙi da inshora da hular kwano. A riƙa rubuta mai da gyara da kati kullum kafin a kira sauran riba. A faɗa wa mai saye lokacin gaskiya, kada a yi alkawarin minti goma a kan hanyar rabin awa. Wanda ya tara jari ta wannan hanya, ran da zai je Gwanzu da bizar kasuwanci zai je, ya sayo kayansa ya dawo da mutuncinsa.

Allah ya ba mu halal mai albarka, ya tsare 'ya'yanmu da suke bakin duniya.