'Yan ga-ruwan da suka ciyar da Paris

A unguwar Montmartre akwai wani allo da ke cewa a nan kalmar bistro ta samo asali a 1814, lokacin da sojojin Rasha da suka shiga Paris ke daka wa masu abinci tsawa da harshensu cewa a yi sauri. Labarin akwai daɗin ji, amma masana harshe ba su gamsu ba, domin sai a 1884 aka fara ganin kalmar a rubuce.

Ainihin tarihin na talakawa ne. Mutanen Auvergne, yankin duwatsu a tsakiyar Faransa, sun shigo Paris cin rani suna ga-ruwa. Da famfo ya shiga gidaje a ƙarni na 19, sana'ar ta mutu, sai suka koma sayar da gawayi da itace. Maigida na kai kaya gida-gida, uwargida na kanta tana zuba wa leburori giyar inabi, ga tukunyar nama a kan wuta. Abincin da masu yawon buɗe ido ke rububinsa yau, na ma'aikata ne.

A 1960 Faransa na da irin waɗannan wurare kusan 200,000. Yanzu ba su kai 40,000 ba, kuma ƙauyuka da dama ba su da ko ɗaya.