Daga shekarar Marisuwa zuwa tumbin Baffana 🧵

1/ Mu a gidanmu a Lajawa, idan kakata za ta ce abu ya daɗe, cewa take "ai tun shekarar Marisuwa ne". Ina yaro na ɗauka sunan wata mata ce 😅 Ashe mura ce, murar 1918. Zaren yana da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Sai mun ɗan koma baya tukuna. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ga Turawa suna karɓar haraji da tsabar kuɗi. Sai daminar 1913 ta ƙi. Zuwa 1914 rumbuna sun ƙone ƙurmus. Ita ce yunwar da ake kira Kakalaba.

3/ Mutane ba su gama mayar da jiki ba, a Satumban 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a Legas da marasa lafiya a ciki. Cikin 'yan makonni cutar ta biyo dogon nan da ke kwasar gyaɗa, ta sauka a Kano. Sarki Abbas ne ke kan gado a lokacin.

4/ Daga birni zuwa ƙasar Wudil kuwa ai ba nisa. Fatake, masu jakuna, masu cin kasuwa, kowa ya koma gida da tsarabarsa.

5/ Kakata ba ta ga Marisuwa ba, daga bakin mahaifiyarta ta ji. Wai gero na tsaye a gona an rasa mai yanka. Wanda ya haƙa kabari da safe, wani lokaci shi ake ɗauka kafin kwana uku. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne majiya ƙarfi ta fi kwashewa, samari da mata masu ciki.

6/ Masana tarihi sun ƙiyasta kusan mutum 500,000 suka mutu a Najeriya, cikin jama'a kimanin miliyan 18. A Indiya, inda damina ta ƙi a wannan shekarar, sun haura miliyan 12. Ni dai a karatuna, jikin da yunwa ta riga ta tatsa shi ya fi saurin faɗuwa.

7/ Wani abin mamaki: har tukunya murar nan ta taɓa. Masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa a yankin ƙasan kogin Neja, rashin masu ƙarfin noman doya ya sa mutane suka rungumi rogo, don shi ba ya son wahala. Mai shan garin kwaki, ka ji wani ɓangare na tarihin kofinka.

8/ To, yanzu mu tsallako 2009, lokacin murar H1N1. Likitoci a jihar Michigan ta Amurka suka duba mutum 10 da cutar ta kai ɗakin kulawa ta musamman. Tara daga ciki masu ƙiba ne, bakwai ma ƙibar ta wuce misali. Daga wannan annobar aka sa ƙiba mai yawa cikin abubuwan da ke tsananta mura.

9/ Ina ruwan mura da zuciya? Zazzaɓi yana sa ta bugu da sauri, huhu kuma ba ya ba ta iskar da take buƙata. Jiki ya ɗau zafi yana yaƙar ƙwayar cuta, jini ya fi saurin daskarewa. In dama akwai kitse maƙale a jijiyar zuciya, yana iya fashewa ya toshe hanya. Wani lokacin naman zuciyar ne da kansa ke kumbura.

10/ Mai teɓa kuma dama zuciyarsa dako take kullum. Sau da yawa ga hawan jini, ga suga, garkuwar jikin ma ba ta da kuzarin da ya kamata. Wani bincike a Ontario ta Kanada a 2018 ya gano haɗarin toshewar jijiyar zuciya yana ninkawa kusan sau 6 a makon farko na murar da gwaji ya tabbatar.

11/ A kula fa, ba kowace atishawa nake nufi ba. Mu Hausawa komai mura muke ce masa. Wadda ake magana ita ce mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon jiki, ta kwantar da ƙato.

12/ Abin da ya sa na tono wannan tarihi Baffana ne. Ya tashi da tuwon dawa da fartanya. Da Allah ya buɗa masa a kasuwar shanu, sai shinkafa, soyayyen nama, lemon kwalba bayan kowane cin abinci, ko masallaci a kan babur. Tumbi ya fito, dangi na ta murna, "Alhaji hutu ya zauna". Kakata ta fi kowa jin daɗi. Ban ga laifinta ba wallahi, wadda aka raina da labarin Kakalaba ba za ta ga kitse ta kira shi ciwo ba.

13/ Hunturun da ya kwanta, kwana huɗu muna cewa mura ce. Citta, kanumfari, maganin kemis. Na ce, "Baffa, hakin nan ya yi yawa, mu je asibiti." Ya ce, "Kai yaro, mura ce za ta kai ni asibiti?"

14/ Daren na biyar ya kasa kwanciya sai a zaune, gumi na zuba, yana dafe ƙirji, ƙafafu sun kumbura. Da asuba muka samu mota. Likitan da ya duba shi ya ce zuciya ce, da mun ƙara kwana da wani zancen ake.

15/ Ya tashi, alhamdulillahi, amma da magani na kullum. An hana shi gishiri da maiƙo, an ce ya riƙa tattaki. Ranar da kakata ta ga wandonsa ya yi masa yawa sai ta fashe da kuka, wai an ramar mata da ɗa. Har yau in ta faki idonmu, sai ta tura masa man shanu a cikin miya.