Felicity, kalmar da ta taso daga gona

Wanda ya buɗe ƙamus yana neman felicity zai ga an ce farin ciki ne, a Ingilishin manya. Mu da muka yi lakwal da Faransanci mun riga mun san ƴar'uwarta, félicitations, wadda ake yi wa wanda ya ci jarrabawa. To amma ni dai ina ganin "farin ciki" bai ɗauke nauyin kalmar duka ba, kuma tarihinta ne shaidata.

Asalinta Latin ne, felicitas, daga felix. Ma'anar felix ta farko ba ta shafi zuciya ba sam. Bishiyar da ke ba da ƴaƴa ita ce Romawa ke kira felix, wadda ba ta haihuwa kuwa infelix. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa zuwa mutumin da duk abin da ya taɓa sai ya yi kyau. Har abar bauta suka yi mai suna Felicitas, wani janar, Lucullus, ya gina mata ɗaki a birnin Rum bayan yaƙinsa na ƙasar Sifen a shekarar 151 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yaman ma Arabia Felix suke kiranta, saboda ta fi sauran yankin Larabawa ruwan sama da tsiro da turare.

Ta shiga Ingilishi ne ta bakin Faransanci, wajen ƙarshen ƙarni na 14. Tun da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da kotu. Shi ya sa har yau felicity ke da ƙamshin takarda da wa'azi, happy kuwa, wadda tushenta hap ne, wato sa'a, ita ce ta bakin kowa. Kun ga ai mu ma haka ne. Farin ciki da murna na cikin gida ne, sa'ada kuwa malamai suka kawo ta daga Larabci, sai a wa'azi da sunaye irin su Sa'adatu da Sa'idu.

Idan aka koma ma'anar farko, wace kalma tamu ce ta fi kusa? A ganina albarka ce. Duk ɗan Tsauni ya san gawo. Da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya ba dabbobi ƴaƴa. Manoman Matameye da Magarya da Mirriya sun yi suna a duniya saboda barin gawo ya girma a gonakinsu. Ba wanda zai ce gawo yana farin ciki, amma kowa zai ce yana da albarka. Da Baroma zai gan shi, felix zai kira shi.

A fanninmu na kimiyyar harshe kalmar tana da wani aiki kuma. J. L. Austin, malamin falsafa na Oxford, ya yi laccoci a Harvard a 1955, aka buga su littafi a 1962. Ya nuna cewa akwai maganar da ba a auna ta da gaskiya ko ƙarya, sai dai a duba ko ta yi aiki. Sharuɗɗan da ke sa ta yi aikin su ake kira da sunan felicity. Ku ɗauki ɗaurin aure. In waliyyi ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, ga shaidu, ga sadaki, aure ya ɗauru. In ƴan wasan kwaikwayo suka faɗi kalmomin nan daidai, ba abin da ya ɗauru. Waccan magana ta haihu, wannan kuwa juya ce. Tsohuwar ma'anar bishiya ce ta dawo.

Me ya sa na damu da wannan? Domin a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Fassarar dokoki da littattafan makaranta a kanmu za ta faɗo, mu ɗaliban yau. Mai fassarar da ya tsaya a layin farko na ƙamus zai sa "farin ciki" inda ake nufin albarka, ko sa'ada, ko dacewar magana, yara su haddace shi a haka. Don Allah ƴan'uwa, kafin mu ba baƙuwar kalma masauki, mu tambaye ta daga ina ta fito.